Idon Hanyar Ejisu

An dasa ido kan sanda a hanyar Ejisu.
Ba ya ƙiftawa, ba ya amsa gaisuwa,
ba a naɗe masa sidi biyar cikin lasisi.

Da la'asar saƙo ya faɗo wayata:
casa'in da biyu, inda aka ce hamsin.
Na zagi ƙarfen har kakansa.
Mai mota na jiran kuɗin yini a Aboabo,
fasinja kuwa sai "direba, taka mana!"

Ɗiyata Azumi ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu.
"Baba, wace ce wannan?"

Yarinya ce da tiren ruwan leda a ka,
ƙafarta ɗaya ta riga ta hau kwalta.

Wallahi ban gan ta ba.