Dalbejiyoyin Hanyar Samaru

Shekara goma sha ɗaya ina taka feda
daga Kwangila zuwa Samaru,
akwatin burodi a baya, ƙararrawa ta mutu tun bara.

Dalbejiya talatin da bakwai, na ƙirga.
Su ne katangata.
Tirela kan rage wuta in ta iso,
don direba ya fi tsoron kututture
a kan haƙarƙarina.

Amma inuwa ma tana da haƙora.
Saiwa ta ɗaga kwalta kamar ƙurji,
'ya'yan dalbejiya in ruwa ya jiƙa su
sun fi kuɓewa santsi.
A kwanar Palladan reshe ya rufe wa Tanimu ido,
bai ga motar ba sai da ya ji ta a gwiwa.
Har yau da sanda yake zuwa masallaci.

Aka ce laifin bishiya ne.
Ran Talata masu zarto suka zo,
kafin la'asar tara sun kwanta.

Yanzu kwanar fayau take, kana hango nesa.
Motoci ma sun hango,
sun ƙara wuta,
iskarsu tana lasar kunnena.

Jiya na je gai da Tanimu.
Ya ce, "Sallau, aski na roƙa a yi musu,
wa ya ce a fille kai?"

Na dasa ɗaya a gurbin ta huɗu,
na kewaye ta da tsohuwar taya.
Awaki dai sun riga sun gan ta.