Allo Biyu a Bradford

Tsohuwar kwamfutata ta fara nishi,
in na buɗe shafi uku sai ta ɗau fushi,
tana gurnani kamar injin markaɗe.
Ni kuwa garayar kakana Barau nake nema,
wadda wani Bature ya naɗa a faifai
tun ba a haifi Inna ba.

Ran Asabar, yayyafi ya ƙi ɗaukewa,
na hau bas zuwa shago.
Yaron ya ce, "Wasa za ki yi da ita?"
Na ce, "Waɗanda suka riga mu zan saurara."
Ya nuna wata mai faɗin ƙwaƙwalwa,
kuɗinta hayar ɗakina ta wata biyu.

Na lissafa da yatsu:
allo guda na bincike, guda na rubutu,
abin kunne mai toshe hayaniyar maƙwabta.
Ba kyau na zo saye ba,
jakin kaya nake so, mai haƙuri.
Na ɗauki ta hannu, mai tabo a murfi,
na rage fam arba'in na wuta.

Ƙarfe biyun dare,
shafi goma sha ɗaya a buɗe, ba ta ce uffan ba.
Ashe "Baro" suka rubuta,
shekara uku ina wuce shi ban sani ba.
Na danna.
Ƙara kamar ana suyar gyaɗa,
sai tsirkiya,
sai gyaran murya,
irin wanda Inna ke yi kafin ta yi faɗa.

Shayina ya huce.
Ɗaya allon, ko harafi ban sa masa ba.