Ja da Ruwan Toka

Shekara talatin da kunne nake cin abinci.
Inji ya yi tari, in ce ga inda ke ciwo.
A Ƙofar Ruwa ba a tambayata takarda,
baƙin man da ke farcena shi ne shaidata.

Nafi'u mai leshi, na layin ciki a Kwari,
motoci biyu gare shi, duk a kwance kamar kadangaru.
Ja ce babba, ta girmi aurensa.
Ruwan toka bara ta zo, har yau da leda a kujerunta.

Jar nan ba ta da kunya.
Ka tashe ta da asuba, kajin maƙwabta su ruɗe.
Ladan ya taɓa aiko mana yaro,
wai mu bari ya sauke kira kafin mu murza ta.

Kulocinta sai ka taka kamar mai kwaɓa ƙasar gini,
giya ta biyu ba ta shiga sai mai ya ɗau ɗumi.
Inji na bayanka yana gasa maka ƙeya,
sitiyari na kawo maka tsegumin kowace tsakuwa.
Ka fito sharkaf, rigarka na warin fetur,
gwiwa na rawa, baki ya ƙi rufuwa,
ka juya ka sake kallonta.

Amma kai ta Titin Gidan Zu da la'asar,
tsakanin adaidaita sahu da mai turin ruwa.
Nan take fushi, ta tafasa, ta mutu a tsakiyar hanya,
yara su taru suna ɗaukar hoton wahalarta.

Ruwan toka kuwa 'yar gidan mutunci ce.
In ta ga tudun titi sai ta ɗaga haɓa ta haye.
Sanyi a ciki, shiru kamar ofishin banki.
Ya sha ɗora kwanon fura a gefe, ko ɗigo bai zuba ba.
Da ita yake kai Zulaihat Islamiyya,
da ita yake tsayawa sayen gurasa,
giya ma ita ke zaɓa kafin tunaninka ya kai gare ta.

Ranar da na buɗe bayanta, murfin roba na tarar.
Na kasa kunne, ba ta ce mini komai ba.
Yarona Mubashshir ya jona mata kwamfuta,
suka yi ta hira, ni ina riƙe da sifana.

Na gwada ta a baifas, daga Hotoro zuwa Mariri.
Allura ta wuce inda Ja ba ta taɓa takawa ba,
zuciyata ko gezau.
Har hamma na yi, Allah ya yafe mini.
A rabin wannan gudun, Ja ta sa na yi salati,
na tuna bashin da ke kaina da sunan mahaifiyata.

Ya ce, Malam Tanimu, wacce zan sayar?
Na ce, wadda ba ta san ka ba.
Ya shafa gwiwarsa ta hagu, ya yi shiru.
Ban ƙara ba. Ni ma tawa gwiwar
a zaune take yin sallarta.

Bai sayar ba.
Ja na nan bayan gareji, ƙarƙashin tamfol,
na shimfiɗa mata kwali saboda man da take ɗiga.
Duk Lahadi yakan zo cikin ruwan toka,
ya yaye tamfol, ya sunkuya ya shige,
ya murza, ya ba ta wuta sau uku,
kwanon rufina ya amsa, tattabaru su watse.
Minti biyar, ya kashe.
Ya miƙo mini makulli da na shayi,
ya koma cikin sanyi, ya ja ƙofa a hankali.

Ban ji tafiyarsa ba.
Ja ce ke ta ƙas, ƙas, tana hucewa,
ni kuma na durƙusa na sauya kwalinta.