Mahauci a Kan Tebur

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a kasuwar Garwa.
Ko da idona a rufe, hannuna ya san hanta,
ya san inda madaciya take lafewa a ƙarƙashinta,
koriya shar, ba ta son a taɓa.
Na sha gaya wa Korau, yarona:
"Bi a hankali. In ta fashe, kai ka sayi naman."

Sai ga idanuna sun rine kamar an zuba gangamau.
Fitsari ya koma shayin da ya kwana a buta.
Ƙaiƙayi kuwa, har da bayan wuƙa na yi susa.
Ladingo ta dafa rawaya, ta jiƙa sassaƙe.
Shawara ce, in ji kowa,
kowa kuma da tasa shawarar.

Dakta Jonwe, siririn mutumin Kayele,
ya shafa min sanyi a ciki, ya leƙa ta allo,
ya juya bayan takardar magani ya yi zane:
"Dutse ne ya toshe magudana.
Ɗacin ya rasa hanya, ya koma cikin jini."
Na karɓi biron na gyara masa lanƙwasar.
Ya dube ni, ya ce, "Ashe abokin aiki ne."

Na san dutsen nan.
In muka tsince shi a cikin tsohon sa
wani ɗan Duwala kan auna shi a sikelin zinariya,
mu ci riba ta mako guda.
Nawa kuwa, bijimi biyu ya cinye
tun kafin a gan shi.

Na dangwala yatsa a takarda.
Daren nan na ji Binuwai yana wucewa,
ko kuwa fanka ce.
Da safe aka kwantar da ni ta gefen da na sani,
fitila a sama, ƙarafa a jere, wankakku,
hantata ta kaɗa,
na yi bisimilla a madadin mai wuƙa.

Na farka da roba a kwiɓi
tana ɗiga kore cikin leda,
ɗigo, ɗigo,
Ladingo tana ƙirgawa kamar kuɗin adashi.
Kwana tara kafin farin idona ya dawo gida.

Ga dutsen a kwalba, bai fi ƙwallon magarya ba.
Ba mai saye.

Jiya na koma rumfa.
Korau ya miƙo min hanta da ɗuminta,
na riƙe, na daɗe,
har mai saye ta ce, "Baba, lafiya?"
Ni kuwa ɗinkin da ke ƙarƙashin rigata nake ji,
zare goma sha huɗu.
Duk abin da na buɗe a duniya
ban taɓa rufe ko ɗaya ba.