Abin da Jini Ya Ɗauko

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Talcahuano.
Jiragen kamun kifi na can suna gogar juna a gaɓa,
ni kuwa ina ƙasan asibiti, ni da inji mai huci
da kwalabe biyu masu suna ɗaya:
Floridor Catrileo, shekara sittin da ɗaya.

Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Nas ce ta ce min mai walda ne a tashar jirage,
ya durƙushe da sandar wuta a hannu,
ya ce wa abokan aiki ƙwannafi ne, a ba shi ruwa.

Jini bai san ƙwannafi ba.
Ɗan aike ne marar wayo,
duk gidan da ya ratsa
sai ya fito da sharar gidan a aljihu.

Zuciya in tana lafiya kitse take ƙonawa,
sannu a hankali, kamar murhun da ba a jiran tuwonsa.
Ranar da jijiya ta toshe, iska ta yanke,
sai ta koma cin sukari a cikin duhu,
ci irin na mai gudun ceton rai.
Ta bar tsami a bayanta,
ta bar guntayen kitse da wuta ta lasa ba ta cinye ba,
da ɓaraguzan guzurin da tsoka ta fasa don ta ƙara bugu ɗaya.
Duk su gangaro magudana.
Ni ce mai tsayuwa a ƙarshen magudanar, riƙe da rariya.

Kwalbar farko, ta lokacin isowarsa,
raɗa kawai take yi.
Ta biyu, bayan an zura siririyar waya an buɗe hanya,
ita ce ta ƙwala ihu.
Na kira sama. Dakta Insunza ta ce, da muryar wadda ba ta runtsa ba,
sau da yawa haka ne, Eliana,
ruwa ne ya dawo kwari
ya kwaso abin da ya kwanta.

Wajen ƙarfe huɗu wata mata ta ɓato hanya,
tana neman inda ake sayar da shayi.
Rigar sanyin namiji ce a jikinta,
duk hannuwan sun sha tartsatsi, huda-huda.
Ban tambayi sunanta ba, rigar ta faɗa min.
Ta dubi kwalaben, ta dube ni:
Nawa ne ya mutu a cikinta?
Rabi? Kwata?
Kamar mai tambayar gona bayan ambaliya.

Na ce ba aikina ba ne in faɗa.
Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba.
Ni toka nake aunawa,
toka kuwa takan nuna girman gobara,
ba ta faɗin ɗakin da ya tsira
ko wanda zai iya kwana a ciki baɗi.

Na raba burodina biyu, ta karɓi ƙaramin.
Ta ce shekara talatin yana haɗa ƙarfen da ya rabu,
bai taɓa gyara ƙofar gidansu ba.
Muka yi dariya, gajeruwa, mai kunya.

Ƙarfe shida aka sauko da kwalba ta uku,
da ɗuminta.
Na sa ta a inji ta yi ta juyi,
ja ya kwanta, ruwan ɗorawa ya taso.
A waje tsuntsayen teku sun fara rigimarsu kan kawunan kifi.

Tsamin ya sauka. Kaɗan.
Sauran suna nan inda suke, sun ƙi gaba, sun ƙi baya.
Na rubuta lambobin yadda suka zo,
ban ƙara musu ko ɗigo na fata ba,
na sa hannu,
na tafi neman matar
in nuna mata matakalar da ke hawa sama.