Ciwon Matuƙan Jirgi

Da asubar Janairu a Hull
na tofar da kumfar buroshi,
sai ga ja a farin kwanon wanke baki.
Na ɗora wa buroshin laifi.
Kwana goma, jan bai daina ba.

Wata huɗu ina aikin dare
a sito, kusa da tashar jiragen ruwa,
ɗaga kwali, sauke kwali.
Cimata burodi da shayi,
taliyar leda in na ga dama,
sai barci, labule a rufe.
Ƙujewar da na yi a gwiwar hannu
ta ƙi kamewa, ta zauna kamar mai bin bashi.

Likita Holroyd ta duba dasashina,
ta cire tabarau:
"Yaushe rabonka da ɗanyen abu?"
Na yi shiru ina ƙirga.
Ta ce bitamin si ne ya ƙare.
Jiki ba ya ƙera shi, ba ya yi masa rumbu,
na yau daban, na gobe daban.
Da shi nama ke ɗinke rauni,
shi ke riƙe haƙori a mazauninsa,
shi ke taya hanji zuƙo ƙarfen da ke cikin wake.
Ciwon matuƙan jirgi ne na dā, in ji ta,
masu wata da watanni ba su ga ganye ba.

Ni Sallau, da ko kwalekwale ban taɓa hawa ba!

Na tuna gwaibar gidan Inna Delu
da muke jifan juna da ita don ta yi yawa,
da 'ya'yan kuka da muke tsotsa har harshe ya gaji.
Ashe magani ne ake zaginmu a kai,
ana ce mana makwaɗaita.

Ran Asabar na fita cikin yayyafi.
Jan tattasai, uku a leda,
wai ya fi lemu, sai da ta maimaita na yarda.
Kabeji, tumatir, lemun zaƙi shida,
da wani ɗan mai gashi-gashi, kiwi,
cikinsa kore shar kamar gona a Agusta.
Kada ka dafa su har su mutu, ta ce,
wuta da ruwa ɓarayinsa ne.

Yanzu kullum akwai lemu a aljihun rigar sanyina,
shi da katin bas.
Ƙarfe uku na dare nake ɓare shi,
ƙamshin ya bi tsakanin kwalaye,
Marek mai motar ɗaga kaya
ya miƙo hannu, ba magana.
Rabi nasa.

Tun makon jiya kwanon ya koma fari.