Sikelin da Babu Faranti

Mahaifina Sallau kuza yake aunawa a Bukur.
Sikelinsa na ƙarfe ne, mai harshe a tsakiya,
ba ya furta farashi sai harshen ya daina rawa.
Da yana raye da ya tambaye ni:
Ke Barira, a wane faranti kike ɗora tauraro?

Babu faranti, Baba.
Akwai wannan tudu a bayan Naraguta,
da sanyin ƙarfe ukun dare mai shiga ta ɗinkin safa,
da madubin hange da muka ɗaure wuyansa da waya,
da littafi mai baƙin bango
wanda Malam Chollom ya fara cikawa
tun ban iya ɗaura ɗankwali ba.

Su biyu ne, ido ke ganinsu ɗaya.
Hanyarsu ba zagayen faifai ba ce,
ta fi kama da ƙwallon dabino, doguwa, matsattsiya.
Shekara ashirin da bakwai suna nesa da juna,
ƙaramin yana jan ƙafa can ƙarshe
kamar wanda aka aika bai so ba.
Sai ya juyo.
Sai ya fara sauri, ya ƙara,
ya wuce ta gefen babban kamar dutsen majajjawa,
makonni kaɗan, shi ke nan,
ya sake kama hanyar nesa.

A waɗannan makonnin sirrin yake.
Duk sauran shekarun jira ne da sa ɗigo.

Malam ya sa ɗigo ɗari huɗu da 'yan kai.
Wasu da biro, wasu da fensir ranar da biro ya daskare.
A gefen shafi: hadari. Hadari. An kawo wuta, unguwa ta yi haske.
Matata ta haihu, ban zo ba.
Ya lissafa ranar haɗuwarsu, ya ja mata layi biyu,
sannan idonsa ya yi yana
saura damina uku.

Yanzu yana zaune a mota da bargo,
gilashi a sauke, yana tambaya:
Ya matso?
Ya matso, Malam.
Hasken ya karkata ina?
Wajen shuɗi, yana tahowa gare mu.
To rubuta. Kada ki ƙawata shi, rubuta yadda ya zo.

Tauraro tilo ba ya aunuwa, Baba,
abin da na so ka ji ke nan.
Sai ya ja wani, wani ya ja shi,
sai mu ga wa ya fi gusawa.
Har babban ma ba a tsaye yake ba,
yana ɗan kewaye wani wuri da babu kowa,
wurin nan da harshen sikelinka yake,
sai dai ya fi kusa da mai nauyi.

Dare goma sha ɗaya muka samu cikin talatin.
Sauran gajimare ya cinye.
Na kai lambobin ɗaki, na zuba su, na cire na ranar iska,
na mayar da su don ban da hujjar cire su.
Har yanzu ban gama sanin
yadda hanyar ta kishingiɗa a gabanmu ba,
kuma wannan kaɗai kan iya ƙara musu ƙiba ko rama.

Da asuba na fito da abin da ya samu:
babban ya kai rana biyu da ɗan ɗori,
ƙaramin bai cika ɗaya da rabi ba.
A gefe na rubuta: da ƙari ko ragi.

Malam ya ce in maimaita masa ragin.
Na maimaita.
Ya yi shiru, ya ce ya yi yawa,
wanda zai zo bayanki zai rage shi.

Ƙasan tudu motocin kabeji sun fara gangarawa Farin Gada.
Na buɗe sabon shafi,
na sa ɗigo ɗaya.
Ƙaramin ya riga ya fara rage sauri.